Yadda ake koya wa Basine kalmomin Turanci na masu surutu

Ɗalibi mai jin Sinanci yana iya haddace kalma goma a zama ɗaya. Inda yake tuntuɓe shi ne sanin wacce ce yabo, wacce ce tsokana, wacce kuma za ta jawo masa faɗa. Saboda haka kada ka miƙa masa jeri ka ce ya haddace.

Ka fara da harshensa. Tambaye shi bambancin jiantan da luosuo. Zai ce maka na farko mai daɗin hira ne, na biyu kuwa mai nanata zance har kunne ya gaji. To, sai ka ɗora chatty kusa da na farko, long-winded kusa da na biyu. Talkative tana tsakiya, muryar mai faɗa ce ke sa ta zama yabo ko ƙorafi.

Daga nan ka shiga sunayen da ake laƙaba wa mutum. Chatterbox ba za ta ba shi wahala ba, domin Sinawa suna da huaxiazi, wato akwatin magana. Galibi yara ake tsokana da ita. Blabbermouth kuwa a nan za ka daɗe. Ba yawan magana ne laifinsa ba, cikinsa ne ba ya riƙe sirri, irin wanda Sinawa ke ce wa dazuiba, wato mai babban baki. Windbag zagi ne tsagwaronsa. Ka gargaɗe shi kada ya kuskura ya faɗa wa maigidansa a wurin aiki.

Loquacious da garrulous, duk daga Latin suke, ka bar su sai mai shirin jarrabawa irin GRE, ta neman shiga karatun gaba da digirin farko. A hira ba kasafai ake jin su ba. Verbose ta fi dacewa da rubutu.

Sai gyaran jumla. Sinanci ba shi da kwatankwacin kalmomin Turancin nan "a" ko "the", kuma siffa ba ta buƙatar is, shi ya sa za ka ji he very talkative ko she is chatterbox. Ka gyara nan take. A furuci, harafin l na talkative ba a faɗinsa, harafin v kuma ka sa ido kada ya koma w.

A ƙarshe ka kawo masa mutane ya zaɓa musu kalma: direban tasi na Beijing, kakarsa, shugaban da ya ƙi sauka daga mumbari. In ya zaɓa, ka tambaye shi ko zai iya faɗa a gaban mai ita.