Riƙon kare kafin a samo masa gida: yadda ake yi, da yadda za mu iya a nan ƙauye

Na san wasu da sun ga maganar kare za su ce wannan wane irin rashin aikin yi ne, mutane na fama da kuɗin taki kai kana zancen kwikwiyo. Toh na ji. Amma duk wanda ya tashi a ƙauye irin namu nan gefen Ringim ya san ba a shekara karya ba ta haihu a kango ko ƙarƙashin rumbu ko cikin tarin kara ba, 'ya'ya shida bakwai, kwana biyu kaga yara sun gano wajen, wannan ya ɗau ɗaya ya ɗaura masa igiya a wuya yana ja, wancan ya cilla ɗaya a kududdufi, wanda ya tsira kuma shi ne zai girma a bola, ba mai shi ba allura, ranar da ya ciji wani a fito da sanduna. Kuma a garin nan dai akwai mai lambu a fadama da ɓarayi suka dama, ga Bafulatani a ruga yana neman karen garke, ga 'yan farauta suna cigiya. Kare na nan, mai buƙata na nan, wanda zai tsaya a tsakani ne babu.

A Ingila da Amurka akwai ƙungiyoyin da aikinsu kenan, kuma wasu daga cikinsu ko ginin ajiye karnuka ba su da shi. Kare na hannun 'yan sa-kai ne a gidajensu, kowa ya riƙe ɗaya ko biyu, ƙungiya ce ke biyan magani da allura, mai riƙo kuma shi zai zauna da shi ya gano halinsa. In mai so ya fito sai ya cike fom, a je a ga gidansa, ya biya wani abu na rage ɗawainiya, ya sa hannu cewa in ya gaza riƙewa zai dawo musu da shi, ba zai miƙa wa wani ba. Yawanci sai an fiɗiye karen, kuma a Ingila tun 2016 doka ce a sa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi. Mu ba mu da wannan na'urar kuma fom ba zai yi mana aiki ba, amma asalin tsarin ai namu ne, ba da kiwo ne kawai. Yadda gwaggonka za ta ba wata akuya kiwo, akuya na gidan wancan amma kowa ya san ta wacece, haka abun yake.

Kafin ka ɗauko komai fara da gida. In Baba ko maigidan da kake zaune ƙarƙashinsa bai yarda ba ka haƙura, kar ka ɓoye kare a bayan ɗaki, wallahi dare ɗaya kukansa zai tona ka. In an tada maganar addini, malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa sau bakwai, kuma hadisi ya yarda da karen farauta da na kiwo da na gona. Ka riƙe ukun nan don su ne za su nuna maka wa za ka ba daga baya. Wajen zamansa kuma can bayan gida ko gefen turke, nesa da inda ake sallah da inda ake girki, a kafa zana a yi masa inuwa, a ware masa kaskonsa na ci da na sha.

Abun da ya fi komai hatsari shi ne haukan kare, nan ba wasa. Karen da ka tsinta baka san tarihinsa ba, kar yara su taɓa shi, kai ma kar ka kai hannu bakinsa, har kwikwiyo yana iya ɗauke da cutar. In kaga yana dalalar da yawu, yana cizon kara ko ƙasa ko duk abun da ya samu, muryarsa ta sauya, ko haɓarsa ta saki ba ta rufuwa, wannan ba na riƙo bane, ka ja baya ka sanar da mai unguwa da malamin dabbobi. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 cur, sannan a tafi asibiti a ranar a fara allura, kar a tsaya shafe-shafe a gida, don in alamun cutar suka bayyana a jikin mutum shikenan ba ta da magani. Karen da ya yi cizon kuma in da hali a killace shi kwana 10 ana kallonsa, amma ba a jiran kwana goman kafin a fara yi wa mutum allura.

Allurar rigakafin karen da kansa ana yinta in ya kai wata 3, sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin maganin, kuma asibitin dabbobi na hedikwatar ƙaramar hukuma nan za ka fara tambaya. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, a irin lokacin akan samu a yi allurar kyauta, sai ka sa kunne a rediyo. Ka karɓi kati ka adana a leda, shi ne zai bi karen zuwa sabon gidansa.

In 'yan jarirai ne, dan Allah ka nemi uwar tukuna. Sau da yawa tana nan kusa ta tafi neman abinci ne, kuma ciyar da uwa ɗaya da ƙanzo da romon kwata ya fi maka sauƙi sau goma a kan shayar da 'ya'ya shida da sirinji. Idonsu na buɗewa wajen kwana 10 zuwa 14, su fara lasar abinci a sati 3 zuwa 4, kuma ba a raba su da uwa sai sati 8, wanda aka cire da wuri shi ne kake gani ya tashi da tsoro ko yawan cizo. In uwar ta mutu toh ka shirya rashin barci, duk awa biyu zuwa uku sai an ba su, a kife a kan ciki ba a rigingine ba don kar ya sarƙe su, nonon akuya da ɗumi ya fi na shanu zama a cikinsu, bayan sun sha kuma ka goga musu mara da tsumma mai ɗumi don ba sa iya fitsari da kansu. Da hunturu sanyi ke kashe su kafin yunwa, buhu da tsummokara a kwali sun isa.

Tsutsar ciki kusan duk kwikwiyo na da ita, kaga ciki ƙato jiki duk ƙashi, maganin na kemis ɗin dabbobi amma a tambayi awo. Kaska da ƙuma da ƙazwa ma haka. Kar ka kuskura ka zuba masa piya-piya ko maganin feshin gona ko baƙin mai, na taɓa ganin wanda aka yi wa haka, kaskar ta mutu shi ma ya bi ta kafin la'asar. A abincinsa banda albasa, banda dafaffen ƙashin kaza. In kaga zawo da jini da amai ka ware shi daga sauran nan take.

Yanzu ga inda riƙo ya fi tsinta ka miƙa. Sati biyu uku da kare a gabanka za ka san abun da ba wanda zai gaya maka. Yana bin kaji? Ya yake da awaki? In baƙo ya yi sallama haushi yake ko ɓuya? Wanda ke kora kaji kar ka kai shi gidan da matar gida ke kiwon zabi, rigima za ka haɗa, shi na 'yan farauta ne. Mai natsuwa da ke kwanciya kusa da dabbobi na ruga ne. Mai kunne da yawan haushi na lambu. Kuma ka faɗi aibinsa tun farko, in ka ɓoye da ƙafarsa zai dawo maka, ko a dawo maka da labarin an kashe shi.

Cigiya ba wuya, a faɗa wa Sarkin Baka, a faɗa wa Ardo, a sa hoto a gurup ɗin WhatsApp na gari, ranar kasuwa a yi maganar a rumfar mai shayi. Wahalar tana wajen cewa a'a. Yaro in ya zo shi kaɗai ka ce ya turo babansa. Wanda ya ce duka yake so, manya da ƙanana, bai ma tambayi halinsu ba, ka yi hattara, akwai masu tara karnuka a kai kasuwar Dawaki ta Filato inda ake sayensu don nama, in ba don haka ka raine shi ba toh ka sani. Wanda kuma sai ana saura kwana uku fita daji zai zo da gaggawa, ka tuna masa ba a kiwon kare ranar farauta.

Duk wanda ka natsu da shi ka hau mashin ka je gidan da kanka, ko da kunya. Ni yadda nake yi sai in ce, Baffa ba wai ban yarda da kai bane, so nake in ga inda zai kwana don in san ko zai zauna. Ka duba inuwa, ka duba ruwa, ka tambayi wa zai ba shi abinci in maigida ya tafi cin rani, ka ji ko uwargida ta yarda don ita ce kullum a gida. In kaga tsohon turke da sarƙa a tsakiyar rana ka tambayi ina na da ya tafi, amsar za ta gaya maka komai.

Ba na sayarwa, malamai sun yi magana a kan kuɗin kare, amma in mutum ya mayar min da kuɗin allura ina karɓa, wanda ya fitar da wani abu daga aljihu ya fi kula. Sharaɗin kuma a gaban shaida ake yi, mai unguwa ko wani dattijo: ba sayarwa, ba kyauta ga wani, allura duk shekara, in ya gagara a dawo min da shi ba faɗa ba gori. Haka in mai kare ne da kansa zai bar gari ko ya rasu iyali ba sa iyawa, in da hali karen ya zauna a inda ya saba har a samu gida, ya fi a yi ta yawo da shi.

Ranar kaiwa ka tafi da kaskonsa da buhun da yake kwana a kai da katin. A ɗaure shi a inuwa da doguwar igiya na 'yan kwanaki, wanda zai zama mai shi ne kaɗai zai riƙa ba shi abinci, in ba haka ba da asuba za ka tarar da shi a ƙofar gidanka. Kai kuma kar ka leƙa a satin farko, ka kira waya kawai. Bayan sati biyu sai ka je, ka duba haƙarƙarinsa da wuyansa inda igiya take, ka ga ko yana kaɗa wa mutanen gidan jela. In ka tarar ya rame ko yana maƙalewa a lungu, ka kwance shi ka ɗora a mashin, zanar da ka kafa masa kar ka riga ka cire ta.