Maganin tabon huhu da ranar Garwa: yadda za a kare fata

Mai ciwon da ke sa huhu ya yi tabo ya ƙandare, in likita ya ɗora shi a kan pirfenidone (Esbriet), fatarsa na iya kasa jure rana kamar dā. Abin ya fi tasowa a watanni 6 na farko. A Garwa ko Marwa kuwa, cikin Maris da Afrilu, hawan babur zuwa kasuwa da tsakar rana ya isa ya ƙona ta.

A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, shi ya sa ake makara. Duba goshi, kunnuwa, ƙeya, bayan hannu, da ƙafa inda silifa bai rufe ba. Wurin kan yi zafi da ƙaiƙayi, ya ƙara duhu, daga baya ya yi saɓa. In ka naɗe hannun riga ka ga ƙurajen sun tsaya daidai bakinta, to aikin rana ne.

Hula ba ta kai kunne da ƙeya, malafa ta fi. Sa riga mai dogon hannu. Nemi man kariyar rana mai lamba SPF 50 a farmasi, ka shafa kowace safiya ko da hazon hunturu ya rufe gari, ka maimaita bayan awa 2 in kana waje. Alwala tana wanke shi daga fuska da hannu da ƙafa, wuraren da suka fi buƙatarsa, don haka a sake shafawa bayanta. Man kaɗanya yana tausasa fata, amma ba ya tare rana.

Kada ka sayi magungunan kashe ƙwayoyin cuta doxycycline ko ciprofloxacin a tebur. Dukansu suna ƙara wa fata rauni a rana, na biyun ma yana tara pirfenidone a jini.

Cikakken awon pirfenidone ƙwaya 3 ce mai miligiram 267, sau 3 a rana, tare da abinci. In ƙuraje sun fito, likita kan mayar da shi ƙwaya 1 sau 3. In sun wuce kwana 7 ba sauƙi, a dakata kwana 15, sannan a sake hawa sannu a hankali. Wannan lissafin na likita ne, kada ka yi gaban kanka.

Kumburin leɓe ko harshe, sarƙewar numfashi, ƙuraje masu ruwa da gyambon baki da zazzaɓi: a ajiye maganin, a tafi asibiti nan take.