Kada a yi gardama da Gulbi in ya kawo

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu zuwa gonakin fadama da 'yan kabu-kabu. Duk wanda Gulbin Maradi ya taɓa ɗauka kuma Allah ya ƙaddara da sauran kwana, za ka ji yana rantsuwa ba shi ƙara shiga.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne sararin sama. Sai a ga rana tarwai a nan, a ce ai ba a yi ruwa ba. Alhali ruwan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo Jibiya da Madarunfa, ya iso mana ba sallama, balle a watan Agusta. Shi ne fa ya cinye tsohon garin Maradi a 1945 har aka hau tudu.

In kun ga ruwan ya yi ja, yana tafe da itace da yayi, ku dakata. Mai gudu ko iya gwiwa ne yana kayar da ƙato, ga yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Ku zaga ta gada ko da nisa. Iyaye mata, don Allah a hana yara wanka a can. In wani ya faɗa, a miƙa masa gora ko igiya daga gaɓa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.