Idan Manhajar Haɗa Bidiyo Ta After Effects Ta Fara Tsaitsayawa

Da farko, rage ingancin hoton gwaji zuwa Half (rabi) ko Quarter (kwata). Wannan ba ya taɓa ingancin bidiyon da za ka fitar a ƙarshe.

Na biyu, danna B a farkon wurin da kake gyarawa, N a ƙarshensa, kada kwamfuta ta wahala da lissafa dukan aikin.

In har yanzu yana nauyi, shiga Edit, sai Purge, ka share All Memory & Disk Cache. Tarkacen da ya taru ne ke cinye wuri. Gara ka mayar da ma'ajin tarkacen (Disk Cache) kan SSD dabam, wato faifan ajiya mai sauri, ana samun SSD a kasuwar Computer Village, Ikeja.

Sannan rage tazarar Auto-Save, wato adana aiki da manhajar ke yi da kanta, daga minti 20 zuwa 5, domin a Legas wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke.