Masu harhaɗa Meshtastic, a ɗaura eriya tukuna

'Yan'uwa, Meshtastic tsari ne na aika saƙon rubutu ta rediyo tsakanin ƙananan na'urori. Allon Heltec V3 (ƙaramar na'urar rediyo) da batirin lithium 18650 guda a kowane ɓangare, tare da wayar hannu ta rubuta saƙon, sun isa a fara aika saƙo ba layin waya ba intanet. Amma kada a ba allon wuta sai an ɗaura eriya. In ya watsa saƙo babu ita, ƙarfin kan dawo ya lalata guntun rediyonsa mai suna SX1262, kuɗi sun tafi ke nan.

A duba jar waya da baƙa a soket ɗin batir, wasu a juye suke zuwa. Mitar rediyo ma dole ta zo ɗaya tsakanin mai aikawa da mai karɓa: mai 868 MHz ba ya jin mai 915 MHz.

In saƙo ya ƙi isa, kada a zargi allo. Bangon siminti da kwanon rufi ke cinye shi, a ɗaga eriya sama da rufi.