Yadda za ka kare rubutunka ko waƙarka da kundin tsarin mulki

Jama'a abin na ci min tuwo a ƙwarya wallahi, marubuciya ta kwana tana taipin a waya har ido ya yi ja, gobe ka ga littafin yana yawo a grup ɗin WhatsApp an ma goge sunanta.

To fara da buɗe kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. Sashe na 4 ya ba majalisa yin doka, na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni zartarwa, na 6 kuma kotuna. Daga nan ka wuce jadawali na biyu, jerin abubuwan da majalisar tarayya ce kaɗai ke da hurumi a kai, haƙƙin mallaka yana lamba 13. Ma'ana majalisar jiharku ba ta da ta cewa a nan.

Dokar haƙƙin mallaka da ke aiki yanzu ita ce ta 2022, kuma kariya tana hawa kan aikinka tun ranar da ka rubuta ko ka naɗa, ko ba ka yi rajista ba, littafi ma har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Amma dai ka yi rajistar da hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa (NCC) don shaida ce babba, ka adana daftarin farko mai kwanan wata, ka ɗau hoton allon inda aka sata tun kafin su goge.

In ta kai ga shari'a, sashe na 251 na kundin tsarin mulki ya ce Babbar Kotun Tarayya za ka nufa, ka tafi da lauya.