Yadda Za Ka Zaga Tsofaffin Majami'un Palermo da Ƙafa Cikin Safiya Ɗaya

Mutanen Zariya da harka ke kai wa Italiya, ko malaman jami'a ne daga Samaru da Kongo masu zuwa taron ilimi, ko 'yan kasuwar Sabon Gari, yawanci Rum da Milan suka sani. Wanda Allah Ya ba sararin gangarawa kudu zuwa tsibirin Sisili, wanda ke tsakiyar Bahar Rum daura da Tunisiya, ya kamata ya ware safiya ɗaya domin tsohon garin Palermo. Rundunar Musulmi ta daular Aglabiyawa ta Ƙairawan ta ci birnin a shekarar 831, ya kuma zauna a hannun Musulmi har 1072, lokacin da Normawa, mayaƙa Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe shi. Sababbin sarakunan sun ci gaba da aiki da magina da masassaƙa da marubuta Musulmi, suka haɗa su da gwanayen Girkawa, shi ya sa majami'un da suka gina suke ɗauke da hannun al'umma uku a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa shiga Cocin Saint Bartholomew da ke Wusasa, wanda aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa, ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine na Palermo cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Tafiyar duka ba ta wuce kilomita biyu ba, amma tsari ne ke gyara ta. Ka fara daga sama, wato daga fadar sarakuna, ka gangaro wajen teku, domin layin masu shiga fada yana tsawo da zarar hantsi ya yi, sannan wasu majami'un kan rufe da tsakar rana. Ka duba lokutan buɗewa tun daren da ya gabaci tafiyar, kada kuma ka zaɓi safiyar Lahadi, saboda ana sujada kuma ba a barin masu yawon buɗe ido su yi ta zirga-zirga. Ka riƙe canjin Yuro na tikiti, ka sa takalmi mai taushi domin titunan daɓen dutse ne. Batun sutura ba zai dami ɗan Zariya ba, tunda abin da ake nema shi ne a rufe kafaɗa da gwiwa. Sai dai al'adarsu ce namiji ya cire hula idan ya shiga coci, mace kuwa ta bar mayafinta yadda yake. Watannin Yuli da Agusta suna da zafi ƙwarai, Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi daɗin tafiya.

Zangon farko shi ne Cappella Palatina, ƙaramar majami'ar da ke cikin fadar da ake kira Palazzo dei Normanni, kuma nan ne ya cancanci ka fi daɗewa. Sarkin Normawa Roger na Biyu ne ya gina majami'ar, aka keɓe ta a 1140. Fadar har yau tana aiki, a cikinta majalisar dokokin yankin Sisili take zama, don haka za a binciki jakarka a ƙofa. Kafin ka shiga majami'ar, ka nemi allon dutsen da ke jikin bango a waje, mai rubutu da Latin da Girkanci da Larabci, wanda ke ba da labarin wani agogon ruwa da sarkin ya sa aka ƙera a 1142. Idan ka shiga, idonka zai fara kamuwa da bangayen da aka lulluɓe da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, aikin Girkawa, waɗanda ke nuna ƙissoshin Littafi Mai Tsarki. Kada ka bari su cinye maka lokaci duka, ka ɗaga kai sama. Rufin katako ne da aka sassaƙa gurbi cikin gurbi, irin adon da ake kira muƙarnas a gine-ginen Musulunci, kuma a cikin guraben an zana makaɗa da mahaya da tsuntsaye da mutane zaune a majalisa, ga rubutun Kufi yana zagaye da su. Zanen ƙanana ne kuma suna da nisa, saboda haka ka yi amfani da kyamarar wayarka ka jawo su kusa, ba tare da kunna fitila ba. A wannan fada ce kuma masanin ƙasa Al-Idrisi ya yi wa sarkin aiki, har ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154.

Daga fada, tafiyar 'yan mintoci ce zuwa majami'ar San Giovanni degli Eremiti, mai jajayen tulluwa biyar da ƙaramin lambu na lemo da dabino. Cikinta fayau yake babu ado, rabin awa ma ya yi yawa. Jan launin tulluwar kuwa, wanda ya zama tambarin birnin a hotuna, masu gyara ne suka shafa shi a ƙarni na 19.

Sai ka koma ka kama babban titin Vittorio Emanuele, wanda 'yan gari ke kira Cassaro, har ka iso babbar majami'ar birnin. An gina ta a 1185 a wurin da babban masallacin Juma'a yake a zamanin Musulmi, shi ma masallacin a kan wata tsohuwar majami'a aka kafa shi. Ka tsaya a shirayin ƙofar kudu ka duba ginshiƙin farko na hannun hagu: a jikinsa akwai rubutun Larabci da aka sassaƙa, wani yanki na aya ta 54 ta Suratul A'araf. Mutane da yawa suna wuce shi ba su sani ba, alhali almajirin da ya yi nisa a allo zai iya bin haruffansa. Cikin majami'ar, a ganina, bai kai wajenta ba, domin an sake masa fasali a ƙarshen ƙarni na 18, aka shafe yawancin tsohon adon. Abin dubawa a ciki shi ne kaburburan sarakuna na jan dutse, har da na Roger na Biyu da na jikansa Frederick na Biyu, wanda ya rasu a 1250. Shi wannan jikan ne ya kwashe ragowar Musulmin tsibirin ya mai da su garin Lucera a kudancin Italiya, don haka zaman tare da ake yabo a tarihin Palermo yana da iyakarsa, kuma ƙarshensa bai yi daɗi ba. Idan ka fito, ka zagaya bayan ginin ta gabas, inda bakunan da suka saƙu da juna da adon baƙin dutsen aman wuta suka tsira kamar yadda aka yi su tun farko.

Ka ci gaba da gangara zuwa mahaɗar Quattro Canti, ka karya dama a titin Maqueda, ka wuce dandalin Pretoria mai maɓuɓɓugar ruwa, sai ga ka a dandalin Bellini. Majami'u biyu ne gefe da gefe a kan tudu. San Cataldo, mai tulluwa uku, an gina ta wajen 1154, duhu ne a cikinta, abin kallonta kuma daɓen ƙasa ne na asali mai zanen taurari da igiyoyi masu saƙuwa. An taɓa mai da ita gidan waya kafin a gyara ta. Ta biyun, Martorana, ita ce za ta biya ka wahalar tafiya. George na Antakiya, babban kwamandan jiragen yaƙin Roger, wanda ya yi aiki a Tunisiya kafin ya zo Sisili, shi ya gina ta a 1143. Kusa da ƙofa akwai hoton sarkin sanye da tufafin sarakunan Rumawa ana ɗora masa kambi, a ƙarƙashin tulluwa kuma akwai wata waƙar yabo ta Kirista da aka rubuta da Larabci a kan katako. Ibn Jubair, matafiyin Andalus, ya shiga wannan majami'a ranar Kirsimeti ta 1184 yana kan hanyar komawa gida daga aikin Hajji, ya yaba kyanta matuƙa, ya kuma lura cewa matan Kiristocin garin suna lulluɓi irin na Musulmi kuma suna magana da Larabci. Ka yi ƙoƙari ka iso nan kafin azahar, domin tana cikin masu rufewa da rana.

Wanda ke neman wurin salla zai sami masallaci a titin Celso, ba nisa da Maqueda, a wani tsohon coci da aka ba Musulmi a 1990. Abinci kuwa, kasuwar Ballarò tana kusa, kuma za ka haɗu da 'yan Afirka ta Yamma da dama a cikinta, har da 'yan Najeriya. Soyayyen ƙullun waken da suke kira panelle ba shi da matsala, haka ma kifi. Amma ka tambaya kafin ka ci burodin saifa da garin ya shahara da shi, domin bisa al'ada da kitsen alade ake soya shi, kuma akan sa wannan kitse da giya a ɓawon kayan zaƙin da ake kira cannoli.